Lacca: Abin da annoba ke yi wa aikin dashen sassan jiki

Assalamu alaikum jama'a. To bari mu shiga maganar kai tsaye tunda lokaci ya ja.

Mutane da yawa suna ɗauka abin da ke tsayar da dashe lokacin annoba tsoron kamuwa ne kawai. Eh akwai wannan, amma babbar matsalar ita ce gadon asibiti. Zuciya ko hanta da za a dasa wa wani, yawanci daga jikin wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu ake cirowa, kuma shi wannan mutumin yana kwance ne a ɗakin kulawa ta musamman, na'urar numfashi ce ke riƙe da shi har a shirya, to ranar da masu korona suka cika ɗakin, ina za a ajiye shi? Wanda aka yi wa dashen shi ma gadon nan yake buƙata idan an fito da shi daga tiyata. Shi ya sa a watan Afrilun 2020 dashe daga mamata ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a Faransa, a Amurka kuma wajen rabi. Tun 2003 ma an ga haka a Toronto ta ƙasar Kanada lokacin SARS, wata annobar cutar numfashi, sai da suka dakatar da dashe na ɗan lokaci.

Ga kuma lokacin korona jirage da yawa da ake kai sassan a cikinsu sun daina tashi, alhali zuciya awa huɗu zuwa shida kawai take jurewa a wajen jiki.

Sai maganar cutar kanta. Wanda aka yi wa dashe kullum yana kan maganin da ke danne garkuwar jiki don kada jikin ya ƙi baƙon da aka sa masa, kenan abin da zai ba wani mura shi sai ya kwantar da shi. Wani lokacin ma cutar a cikin sashen take zuwa. A 2004 a Amurka mutum huɗu suka rasu da ciwon haukan kare, duk daga jikin mutum ɗaya aka yi musu dashe, ba wanda ya san yana ɗauke da ita.

Amma ni fa ban yarda da masu cewa a rufe komai har ƙura ta lafa ba. Mai ciwon ƙoda a ce ya jira, yana da wankin ƙoda, duk da shi ma sau uku a sati zai je asibiti ya zauna cikin mutane, wanda wannan ma kasada ce. Mai jiran hanta ko zuciya kuwa me za ka ce masa ya jira da shi? Daga baya likitoci sun gano ƙoda da hanta da zuciya daga mamacin da gwaji ya nuna yana da korona ana iya dasa su lafiya, huhu ne dai ake kaffa-kaffa da shi, kuma kafin a gano hakan sassa masu kyau da yawa an bar su ba a yi amfani da su ba.

Akwai mai tambaya can baya, a miƙa masa makirfo.