Ku fara tsugunnawa kafin ku ɗaga kai

Toh jama'a, in kun shiga daji irin Falgore don ku duba lafiyarsa kar ku fara da ƙirga itatuwa, ku tsugunna tukuna. Itace yana iya tsayuwa kore shar shekara da shekaru alhali ƙasar da ke gindinsa ta gaji tun tuni.

Ku sa hannu ku kau da busasshen ganye, in ma akwai shi kenan. A ƙarƙashinsa ya kamata ku tarar da ƙasa mai duhu, mai laushi, tana warwarewa a hannu kamar dambu, ga ƙamshi irin na ruwan farko. In damina ce ku nemi tana. Ku nemi gara, eh gara, na san manomi ba ya son jin sunanta amma a daji ita ke jan ganye tana kai shi ƙasa, kuma ramukanta ruwa ke bi ya shige.

Sai gwajin gwangwani, wannan ko sisi ba za ku kashe ba. Ku fasa gindinsa, ku kafa shi a ƙasa, ku zuba ruwa ku duba agogo. Ku yi a gindin ɗorawa, ku sake yi a inda shanu suka tattake ko aka cinna wuta. Inda ruwan ya tsaya ya ƙi shiga toh wurin ya fara zama faƙo, kuma ranar da aka yi ruwan sama haka zai gangara ya kwashi ƙasar sama ya zuba a kogin Kano, ƙarshenta ta kwanta a dam ɗin Tiga.

Wanda zai kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji, dan Allah kar ya ɗebo a wuri ɗaya. A haƙa kamar santimita 20 a wurare da dama a cakuɗa a bokiti mai tsabta. In awon tsamin ƙasar, wato pH, ya sauka ƙasa da 5.5 saiwa ta fara wahala.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wutar rani. Wani ɗazu ya ce ai toka taki ce. Malam akwai gaskiya a ciki, toka tana barin sinadarin taki na fotash, amma na naitirojin hayaƙi yake bi ya tafi, ganyen da gara za ta ci ya ƙone, ƙasa ta zauna ba rufi tun daga hunturu har faɗuwar ruwa, wani lokacin duk saboda an biyo gafiya ɗaya.