Kartar taro da shekarar Turawa mai ƙafa takwas

(An kwafo wannan lacca daga rikodin, an bar maganar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum. Shugaban zama, ranka ya daɗe, malamai, iyayenmu mata da ke gefen nan, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu huɗu na zo da su: asalin wannan karta, hotunan da ke jikinta, bukukuwa takwas na masu sabon addinin gargajiya a Turai, sai kuma yadda aka ɗaura wa abubuwan biyu aure. Sunan kartar tukuna. Faransawa suna rubuta tarot, amma ba sa furta harafin ƙarshe, sai su ce taro. Ba irin taron da muke ciki ba, ba kuma taron da ake haɗawa da sisi ba. Na ga dattawa sun gane, yara kuma suna kallon juna. (dariya)

Ga ta nan na zo da ita, a miƙa ta zagaya. Ƙwaya 78 ce. Guda 56 sun kasu gida huɗu: kofi, tsabar kuɗi, takobi da sanda. Sauran 22 su ne manyan, masu hotuna. Ku riƙe gidajen nan huɗu a ranku, don nan ne abin da ya fi ɗaukar hankalina.

Idan ka buɗe waya yau, za ka ji ana cewa wannan karta ilimin asirin Fir'aunonin Masar ne. Wa ya fara faɗa? Wani malamin coci ne a Faransa, Antoine Court de Gébelin, a shekarar 1781. Shi da kansa ya ba da labari cewa ya je gidan wata mata ya tarar ana wasa da kartar, ya duba hotunan, nan take ya yanke cewa littafin Masarawan dauri ne da ya tsira. Ku lura da shekarar, 1781. A lokacin babu mutum ɗaya a doron ƙasa da ke iya karanta rubutun Fir'aunoni. Sai a 1822 wani masani Bafaranshe, Champollion, ya warware shi. Da aka karanta rubutun kuwa, ba a ga ko ƙyallin wannan karta ba. Wato mutumin ya fassara littafi da harshen da bai iya ba, shekara 41 kafin wani ya iya.

To amma, jama'a, ku saurara. Kartar daga Masar ta zo! Wallahi daga Masar ta zo. Sai dai Masar ɗin ta Musulmi ce, ta Mamaliku, bayin nan mayaƙa da suka mulki Alƙahira daga 1250 zuwa 1517. A gidan tarihi na Topkapi da ke Santambul akwai kartar Mamaliku, wani masani Leo Mayer ya gano ta a 1939. Gida nawa gare ta? Huɗu. Kofi, tsabar kuɗi, takobi, da sandar ƙwallon dawaki. Akwai Bakatsine a nan? Yawwa, Malam, kai ka san sandar folo. Mamaliku mahaya ne, wasansu ke nan. Da kartar ta tsallaka teku, Turawan lokacin ba su san folo ba, suka dubi sandar suka rasa gane kanta, sai 'yan Italiya suka mai da ita sanda kawai, 'yan Sifen suka mai da ita kulki.

Manyan kowane gida kuma su uku ne: malik, na'ib malik, da na'ibi na biyu. Sarki da na'ibansa. Kalmar na'ibi ai tamu ce, muna da na'ibin limami. To har gobe a harshen Sifen sunan karta naipes. A 1377 hukumar birnin Filorens na Italiya ta hana wani sabon wasa da ta kira naibbe. Kun ji? Na'ibi. Kalmar ta bi kayan, kamar yadda ƙamshi ke bin ɗan turare. Kuma kartar Mamaliku ba ta da hoton mutum. Sarki ma ba a zana fuskarsa ba, ado ne na furanni da rubutun Larabci, shuɗi da ruwan zinariya. Duk sanda na ga hotonta sai tsigar jikina ta tashi, saboda hannun da ya zana ta irin hannun da ke ƙawata bangon littattafai ne.

Bari in maimaita don na baya. Ba Fir'auna, ba dala, ba asiri. Sojojin doki ne a Alƙahira suna wasa. Kartar da yaranmu ke bugawa a bakin titi ma jikar waccan ce, Faransawa ne suka sauƙaƙa zanen wajen 1480 don a riƙa bugawa da araha, kofi ya koma zuciya, takobi ya koma baƙin nan mai tsini. Iyayenmu sun hana mu karta muna yara saboda caca, kuma sun yi daidai. Amma da wuya ka sami wanda ya san daga hannun wa ta fito.

To su 22 ɗin fa? Su 'yan Italiya ne suka ƙara. Ambato mafi tsufa da aka samu na 1440 ne a Filorens, sai na 1442 a fadar Ferrara. Masu mulkin Milan, gidan Visconti da na Sforza, sun sa an zana musu da hannu, da ruwan zinariya. Wasa ne na fada, babban kati ya cinye ƙarami. Babu duba a ciki. Fiye da shekara 300 ana wasa da ita kafin wani ɗan Faris mai suna Alliette, wanda ya juya sunansa ya zama Etteilla, ya fitar da kartar da aka yi musamman don duba wajen 1789. Har yau a Faransa da Ostiriya mutane na zama su buga ta kamar yadda ake dara a nan.

Na shiga na biyu ke nan ashe. Hotunan. Wanda kartar ke hannunsa ya nemo mai lamba 10 ya ɗaga. Yawwa. Wannan ƙafar keke ce, ta sa'a. A tsohuwar kartar Milan, mace ce a tsakiya an ɗaure mata ido, mutum huɗu a jikin ƙafar. Mai hawa yana cewa zan yi mulki. Na sama, ina mulki. Mai gangarowa, na yi mulki. Tsoho a ƙasa yana rarrafe, ba ni da mulki. Mai hawan da na saman kuma an yi musu kunnen jaki. Ina Bahaushen da ke buƙatar a fassara masa wannan? Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Shi ke nan.

Lamba 12, mutum an rataye shi da ƙafa ɗaya, kai ƙasa. Masu duba na yau za su ce maka sadaukarwa ce da sabon hangen duniya. A Italiya ta wancan zamani kowa ya san ma'anarta: haka ake zana maci amana a bangon gari don a kunyata shi. Lamba 13 Mutuwa, ƙwarangwal da lauje, kuma ku tuna annobar da ta faro a 1347 ta kwashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Akwai Fafaroma, akwai Sarkin sarakuna, akwai Adalci da ma'auni, akwai mala'ika yana busa ƙaho matattu na fitowa daga kaburbura. Hotunan Kiristocin Italiya ne tsantsa, irin waɗanda ke jikin cocinsu.

Wadda kuka fi gani a waya ta 1909 ce, an buga ta a Landan. Arthur Waite ya tsara, wata mata Pamela Colman Smith ta zana duka 78 ɗin, har ƙananan ta sa musu mutane da labari. Shekaru da dama sunan kamfani da na namijin kawai ake kira, nata ba ya fitowa. Hajiya tana gyaɗa kai. Haka ne, Hajiya, wannan ba a nan kaɗai ake yi ba.

Shugaba ya nuna mini agogo. To na huɗu... na uku, na uku. Bukukuwan.

Masu wannan sabon addinin gargajiya suna kiran kansu Fegan. Asalin kalmar Latin ce, ma'anarta mutumin ƙauye, saboda Kiristanci ya fara kama birane ne. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kimanin mutum 74,000 suka rubuta haka a gurbin addini. Shekararsu suna zana ta kamar ƙafar keke mai ƙarfe takwas. Huɗu na rana ne: dare mafi tsawo wajen 21 ga Disamba, yini mafi tsawo wajen 21 ga Yuni, da ranaku biyu da dare da yini ke daidaita, a Maris da Satumba. Huɗu kuma na makiyayan Ailan ne na da.

Mu wannan ba ya ratsa mu, kuma da dalili. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Mu ruwa muke jira, shi ya sa shekararmu damina ce da kaka da hunturu da rani da bazara. A Landan kuwa, a Disamba, yini bai cika awa takwas ba, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. A Yuni ya haura awa 16, ku tambayi wanda ya yi azumi a can. Ka ɗauki manomi na da, ba lantarki, rumbu yana ƙasa, kullum rana tana ƙara gudu. Ranar da ta tsaya ta fara dawowa, dole ya yi murna. A Ailan akwai wani ginin kabari, Newgrange, ya girmi dalar Giza, an gina shi wajen shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun bar kafa a saman ƙofa, a kwanakin da dare ya fi tsawo hasken safiya yana shiga har ƙurya, kamar minti 17. Ina girmama mutanen da suka yi wannan lissafi da dutse.

Na makiyayan da sauri. Farkon Fabrairu, Imbolc, tumaki sun fara nono. Farkon Mayu, Beltane, a kunna wuta biyu a kora shanu ta tsakaninsu kafin a tafi kiwo. Farkon Agusta, sabon hatsi. Ƙarshen Oktoba, Samhain, ana furta shi Sawin, a dawo da shanu, a yanka waɗanda ba za a iya ciyarwa a sanyi ba. Shi ne ya haɗu da ranar tsarkaka ta coci aka sami Halowin. 'Yan Fegan na yau a daren suke tuna mamatansu, wasu su ajiye kwanon abinci a gurbin da ba kowa.

Amma babu wata al'ummar da da aka sani tana yin takwas ɗin duka. A shekarun 1950 aka harhaɗa su a Ingila, a da'irar wasu jagororinsu biyu, Gerald Gardner da Ross Nichols, bayan an soke dokar hana maita a 1951. Sunan bikin Satumba ma, Mabon, wani Ba'amurke Aidan Kelly ya raɗa shi a shekarun 1970. Da yawa daga cikinsu sun san haka, ba sa ɓoyewa. Auren da na ce kuwa, shi ne suka ɗora katin Mutuwa a kan Sawin, katin Rana a kan Yuni, gidaje huɗun Mamaliku suka zama wuta da ruwa da iska da ƙasa. Sandar folo ta zama sandar tsafi, dirhami aka zana masa tauraro...

(Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: Malam, ana nuna mana wannan a TikTok kullum, wasu ƙawayenmu har kuɗi suke turawa a buɗe musu. Da shi da bugun ƙasa ba ɗaya ba ne?)

Na gode, 'yata, gara da kika tambaya. Idan aka buɗe kati aka ce miki ga mijin da za ki aura, ga abin da zai same ki a wata uku, to duba ne, ko da farcen mai yin ya sha jan farce kuma tana Turanci. Hukuncinsa a wurinmu sananne ne. A Sahihu Muslim, wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Ni a kan haka nake, kuma ba na so kowa ya fita daga nan ya ce Malam ya halatta. Tarihi na kawo muku.

Akwai cikinsu masu cewa su ba gaibu suke nema ba, madubi ne, suna kallon hoto su yi tunanin halin da suke ciki. Na ji wannan, kuma na yarda wasu da gaske suke. Amma mai karɓar kuɗin ƙawarki ba madubi take sayarwa ba. Ki lura da maganarta: akwai wanda ke tunaninki, akwai mai yi miki hassada a kusa, wani canji na tafe. Wa ke cikin ɗakin nan da wannan bai dace da shi ba? Ko shugaban zama. (dariya) Bidiyo ɗaya, mutum dubu su gani, kowa ya ce da ni take.

Bugun ƙasa kuma da kika ambata, kin taɓo mini wani wurin. Larabawa suna ce masa ilmur ramli, gidajensa 16, kuma a ƙarni na 12 aka fassara littattafansa daga Larabci zuwa Latin a Sifen. Shi ma ta wannan tekun ya tsallaka, kafin karta ma da wajen shekara 200, har mutanen su Waite a Landan suka sa shi cikin karatunsu. Da ina da lokaci da na zana muku gidajen a allo ku ga yadda sunayen suka sauya a hanya, amma ga ladan can ya fara gyara lasifika.

Kartar ta dawo? A ƙirga mini ita, 78 ce. Malam Bakatsine, na ga ka daɗe da na sandar a hannunka. Assalamu alaikum.