Uwar gizo-gizo a kan dutsen Norwe

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa da Ngaundere, da na Kuseri da waɗanda ke ƙetaren gada a Injamena. Yau ina magana da ku daga gefen wani dutse a yankin Jotunheimen na ƙasar Norwe, inda na hau tun da sassafe domin duba tarkunan da muka binne makon jiya. Wancan ƙoƙuwar da kuke hangowa da farar dusar ƙanƙara ita ce Galdhøpiggen, mai tsayin mita 2,469, kuma babu dutsen da ya fi ta tsawo a arewacin Turai. Muna cikin watan Yuli, wato tsakiyar lokacin zafinsu, amma kuna ganin rigar sanyi a jikina.

Ƙanwata ce ta jawo wannan bidiyo. Da muka yi waya ta ce, "Yaya, wai da gaske gizo-gizo kake bi a kan duwatsu, kuma me tsayin dutse zai yi wa gizo-gizo?" Tambayar ta cancanci amsa cikakkiya, kuma na fi so in ba da ita a nan, inda abin yake a gaban idona.

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Garwa zuwa Ngaundere ya san rabin amsar. Ana barin kwarin Binuwai cikin gumi, amma da zarar mota ta gama hawan babban tudun nan da ake kira Falez sai a ji iska ta sauya, har wasu su fara neman mayafi. Dalili shi ne, a matsakaicin lissafi, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Ngaundere tana kan tsayin kimanin mita 1,100, kusan daidai da inda nake tsaye yanzu, sai dai a can mangwaro yana nuna, a nan kuwa bishiyoyi sun riga sun ƙare a bayana, saura gajerun tsirrai da gansakuka da duwatsu. Idan ƙasa tana kusa da ƙarshen arewacin duniya, ɗan hawa kaɗan yana rage mata kwanakin ɗumi da yawa, domin dusar ƙanƙara tana daɗewa ba ta narke ba a sama, kuma tana saurin dawowa.

Bari in matso da kyamara kusa da wannan dutsen. Ga wata uwar gizo-gizo nan, baƙa-baƙa, tsawon jikinta bai kai santimita ɗaya ba. Wannan tana cikin dangin da masana ke kira Pardosa, irin gizo-gizon da ba ya saƙa yana domin kama abinci, sai dai ya bi ƙananan ƙwari da gudu a ƙasa, shi ya sa Turawa suka laƙaba masa sunan kyarkeci. Muna da 'yan uwansa a gida: idan ka haska tocila a fili da dare ka ga wasu ƙananan ɗigo suna ƙyalli a cikin ciyawa, sau da yawa idanunsu ne. Ku lura da ɗan ƙunshin nan mai launin toka da take ja a bayanta, wanda girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba. Jakar ƙwanta ke nan. Ta saƙa ta da zarenta, ta liƙa ta a ƙarshen cikinta, kuma duk inda za ta je da ita take tafiya. Idan rana ta fito sai ta hau dutse ta shanya ta, domin ɗumi yana hanzarta girman 'ya'yan da ke ciki. Idan sun fito kuma sai su hau bayanta, ta yi ta yawo da su na wasu kwanaki, goyo sosai irin na uwa.

Jikin gizo-gizo ba ya samar da ɗumin kansa. Kamar ƙadangaren da ke kwanciya a kan katanga da safiyar hunturu yana jiran rana, shi ma sai ya ari zafi daga waje kafin ya iya farauta, ya narkar da abinci, ya yi saɓa. Girmansa kuwa ta hanyar saɓa yake zuwa, mataki bayan mataki, kuma da ya balaga girma ya tsaya. Saboda haka yawan kwanakin da ƙasa take a buɗe, babu ƙanƙara a kanta, shi ne jarinsa gaba ɗaya. Manomin da ke kusa da Tafkin Chadi zai fahimci wannan fiye da kowa, tunda ya san gajeriyar damina ba ta ɗaukar iri mai nauyi, dole a nemi gero mai saurin nuna. Gizo-gizon da ke saman dutse yana da hanya biyu: ko ya balaga da ƙaramin jiki kafin sanyi ya rufe shi, ko ya kwanta a ƙarƙashin ƙanƙara bai balaga ba, ya ƙara wata shekara yana girma. Shi ya sa rayuwar da ke kammala cikin shekara guda a ƙasashe masu ɗumi takan ɗauki shekara biyu ko fiye a irin waɗannan wurare, kuma shi ya sa wani lokaci za ka tarar na sama bai gaza na ƙasa ba ko kaɗan, domin ya biya da lokaci abin da ya rasa na ɗumi.

A shekarar 1847 wani masani Bajamushe, Carl Bergmann, ya lura cewa dabbobi masu ɗumin jini sukan fi girma a wurare masu sanyi, saboda babban jiki ya fi riƙe zafi. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan su ɗora wa kowace halitta, kuma a ganina kuskure ne babba, domin abin da ke damun gizo-gizo ba riƙe zafi ba ne, samun lokacin girma ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda nauyin wannan ƙarancin lokaci yake faɗawa a kan mace. Namiji ba ya bukatar babban jiki sosai, aikinsa ya balaga da wuri ya nemo mace. Ita kuwa mace, girman jikinta shi ne ma'aunin yawan ƙwanta, kuma wannan alaƙa tana fitowa kusan a duk inda aka auna: babbar mace, ƙwai masu yawa. Binciken da aka yi a Girinlan da yankin Yukon na Kanada ya nuna cewa a wasu nau'o'in, idan ana hawa sama, matan sun fi mazan raguwa, wanda ke nufin kowace jaka tana ɗauke da 'ya'ya kaɗan. Bayan haka akwai wani lissafin da jikin macen yake yi da ɗan abincin da ta tara, wato ko ta zuba ƙwai masu yawa ƙanana, ko 'yan kaɗan manya waɗanda 'ya'yansu za su fito da guzurin da zai kai su ga hunturun farko.

Hujja mafi ƙarfi da na sani cewa lokaci ne tushen lamarin ta fito ne daga Zackenberg, wata tashar bincike a arewa maso gabashin Girinlan, inda ake tara gizo-gizo a kowace shekara tun 1996. Toke Høye na Jami'ar Aarhus da abokan aikinsa sun wallafa a 2009 cewa a shekarun da dusar ƙanƙara ta narke da wuri, nau'in Pardosa glacialis ya fi girma, kuma ƙarin ya fi yawa a jikin matan. A 2020 kuma suka nuna cewa idan narkewar ta zo da wuri, matan suna samun sararin yin jakar ƙwai ta biyu a shekara guda, abin da a da aka san shi da 'yan uwansu na ƙasashe masu ɗumi. Ga shi dutse bai sauya tsayi ba, kwanaki kawai aka ƙara.

Duk da haka, kada wani ya ɗauka cewa da zarar ka san tsayin wuri ka san girman gizo-gizonsa. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan nau'o'in Pardosa guda 5 a nan tsakiyar Norwe bai sami ƙa'ida ɗaya da ta game su duka ba, kuma wanda ya tsaya inda nake tsaye ba zai yi mamaki ba. Ku dubi wannan tudun da iska ke sharewa, ƙanƙararsa ta tafi tun makonni da suka wuce. Ku dubi kuma wancan kwarin da bai fi taku ashirin daga nan ba, har yanzu fari fat yake. Tsayinsu ɗaya, amma ga halittar da duniyarta ba ta wuce 'yan mitoci ba, waɗannan ƙasashe biyu ne daban. Gefen da ke fuskantar kudu ma ya fi na arewa ɗumi. Akwai kuma wani ƙaramin zanzaro da ake kira Gelis, wanda ke huda jakar ya zuba nasa ƙwan a ciki, tsutsarsa ta cinye na gizo-gizon, kuma yawansa ma yakan bambanta daga wuri zuwa wuri.

Aikin aunawa ba shi da wuyar kayan aiki, haƙuri yake ci. Wannan kofin roba da muka binne, bakinsa daidai da ƙasa, shi ne tarkon. Abin da ya faɗa ciki muna kai shi ɗakin bincike, mu auna faɗin garkuwar da ke rufe gaban jikinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, tunda ita ba ta kumbura ko motsewa da ƙoshi da yunwa kamar ciki, sannan mu buɗe jakar a hankali mu ƙirga ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Ina faɗin wannan ne saboda ɗalibanmu na jami'o'in Marwa da Ngaundere da Injamena. Muna da duwatsun Mandara a wajen Mokolo da Rumsiki, muna da Emi Kusi a duwatsun Tibesti na arewacin Chadi, mai tsayin mita 3,415, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Sahara, kuma ina zaton a wurinmu ruwa da tsawon rani za su taka irin rawar da ƙanƙara ke takawa a nan. Wannan zato ne nawa, kofuna da ƙirga ne kaɗai za su tabbatar da shi ko su rushe shi.

Gajimare ya rufe rana, kuma kun ga uwar gizo-gizon ta ja jakarta ta shige ƙarƙashin dutsen. Saura mini tarkuna huɗu a can sama kusa da bakin ƙanƙara, zan nuna muku abin da na tarar a cikinsu idan na isa. Sai an jima, a gaida mutanen gida.