Abin da Ke Bayan Shirun Ɗalibin Asiya a Jami'o'in Turawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan uwa ɗalibai maza da mata, ina godiya da wannan dama da aka ba ni. An nemi in yi magana a kan yadda ɗalibin da ya fito daga nahiyar Asiya yake sabawa da rayuwar jami'a a ƙasar da ba tasa ba, kuma zan fi jingina da Birtaniya, inda na yi karatu tare da su har na ɗan koyar da wasunsu, sai kuma Amurka. Abubuwa huɗu na tsara: zaman aji, kuɗi, abinci da yanayi, sannan kaɗaici.

Kafin nan, ya kamata mu san ko su wa muke magana a kansu. A shekarar karatu ta 2023/2024, ɗaliban ƙasashen waje da ke jami'o'in Amurka sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari. Daga cikinsu sama da 330,000 'yan Indiya ne, kimanin 277,000 kuma 'yan ƙasar Sin, wato ƙasashen biyu kaɗai sun kwashe fiye da rabi. Amma kada kalmar Asiya ta ruɗe mu, domin ɗan Indiya sau da yawa da Turanci ya yi karatunsa tun daga sakandare, shi kuwa Basine a matsayin darasi ɗaya cikin darussa ya koyi Turancin. Zan fi tsayawa a kan Sinawa, saboda su na fi zama da su.

Na farko shi ne zaman aji. Yaron da ya taso a Sin ya kwashe shekarun sakandarensa yana shirin jarrabawa guda ɗaya mai suna gaokao, wadda ake yi a watan Yuni, kuma a 'yan shekarun nan masu zama mata sun wuce miliyan 13 a shekara. Irin wannan jarrabawa tana horar da mutum ya saurara da kyau, ya riƙe abin da aka faɗa masa, ya mayar da shi babu kuskure. Sai wannan yaro ya sauka a Ingila, a zaunar da shi a ƙaramin ɗaki tare da mutum goma sha wani abu, malami ya jingina da kujera ya ce, "To, kai mene ne ra'ayinka? Ka yarda da marubucin nan?" Yaro ya sunkuyar da kai. Malamin sai ya rubuta a ransa cewa wannan bai karanta ba, ko kuma bai gane ba. Alhali ya karanta, wataƙila ma ya fi kowa karantawa a ɗakin.

Ina roƙon ku tsaya a nan tare da ni, domin mu Hausawa mun fi Bature damar fahimtar wannan shirun. Wanda ya taɓa ɗaukar karatu a zaure ya san cewa ba ka katse malam, ba ka duban tsabar idonsa ka ce masa ya yi kuskure a gaban jama'a. In kana da shakka, sai ka bari an tashi, ka rage murya, ka kawo ta a matsayin neman ƙarin haske. To, haka tarbiyyar da ta samo asali daga koyarwar Konfushiyas, malamin falsafar Sin na zamanin dā, take ɗaukar malami a Sin da Koriya da Japan da Biyetnam. Shirun nan ladabi ne. Ina maimaitawa, ladabi ne, ba jahilci ba. Sai dai an kai shi wurin da ake ba da maki a kan magana.

Akwai wata ɗaliba Basiniya da ba ta taɓa buɗe baki a ajin da nake kula da shi ba. Wata rana bayan an watse ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙo mini littafinta da hannu biyu, kamar yadda suke miƙa wa babba abu. A ciki ta jera tambayoyi da ƙaramin rubutu mai tsafta, kuma ɗaya daga cikinsu ta nuna cewa hujjar da na kawo a darasin ta ci karo da wadda na kawo a makon baya. Gaskiyarta ce. Na tambaye ta dalilin da ya hana ta faɗa a aji, sai ta ce ai da ta faɗa, da ta kunyata ni. Ku dubi wannan! Abin da jami'ar take neman ta nuna don a ba ta maki, shi ne ta ɓoye don ta kare mini mutunci.

Kuma harshe yana ƙara nauyin. Jami'o'i da yawa suna neman maki 6.5 a jarrabawar IELTS ta gwajin Turanci, ɗalibi ya samu, ya ɗauka ya gama da Turanci. Ranar da direban bas a Glasgow ya yi masa magana, zai rantse ba Turanci ba ne. Ni ma na rantse. (Dariya.) A aji kuwa, kafin ya gama harhaɗa jimlarsa a zuci ya tabbatar babu kuskure a cikinta, hira ta riga ta koma wani wuri. Daga nan matsalar take shiga rubutu. Wanda aka koya wa girmama kalaman masana yana ganin rashin kunya ne ya canza su da nasa raunanan kalmomin, sai ya kwafo su yadda suke. Manhajar Turnitin mai gano kwafen rubutu ta kama shi, a kira shi gaban kwamiti da laifin satar rubutu. Ba na cewa duk wanda aka kama ba shi da laifi, domin akwai masu sayen rubutu da kuɗi a kowace ƙabila. Amma a ganina jami'ar da ta karɓi kuɗin yaro ba ta zaunar da shi ta koya masa wannan ƙa'ida tun makon farko ba, ita ma tana da nata kason.

Na ga lokaci yana gudu. Na biyu kuɗi ne. Daga 2017 zuwa 2025 ɗan ƙasa a Ingila yana biyan fam 9,250 a shekara, baƙo kuwa yakan biya ninki biyu ko fiye. Bizar ɗalibi ta ba shi damar aiki na awa 20 kacal a mako lokacin karatu. Sannan da yawa daga Sinawan nan an haife su ne a ƙarƙashin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, saboda haka burin uwa da uba da kakanni duk a kan mutum ɗaya yake. Irin wannan yaro ba ya buga waya gida ya ce ya faɗi.

Na huɗu, au, na uku ko? To, mu haɗa su. Abinci tsohuwar matsala ce: Gandhi da ya je Landan a 1888 karatun lauya ya sha yunwa kafin ya gano gidan abincin marasa cin nama. Yau tukunyar dafa shinkafa ta lantarki tana cikin kayan da ɗalibi yake fara saye. A Birtaniya, a watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, Sabuwar Shekarar Sinawa kuma tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, ana tsakiyar karatu, sai dai ɗalibi ya kalli bikin gidansu ta manhajar sada zumunta ta WeChat. Ana zarginsu da cewa ba sa cuɗanya da kowa sai junansu, amma in zaman hirar 'yan aji duk a mashaya ake yi, mu ma nan mun san inda za mu tsaya.

(Tambaya daga wani ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, in ɗalibi ya koyi musu da malami ya saba da rayuwarsu, ba zai koma gida ya zama baƙo ba?)

Madalla da wannan tambaya, ɗana. An taɓa gwadawa, kuma gwamnati ce ta gwada. Yung Wing, wanda ya gama Jami'ar Yale a 1854, shi ne Basine na farko da ya sami digiri a Amurka. Shi ya shawo kan masarautar Qing, mai mulkin Sin a lokacin, ta tura yara 120 daga 1872, talatin-talatin har kashi huɗu, da niyyar su yi shekara 15. Aka rarraba su gidajen iyalai a jihohin Connecticut da Massachusetts. Ba a jima ba suka kama wasannin Amurkawa, suna cusa dogon kitsonsu cikin riga, wasu ma suka shiga Kiristanci. Jami'an da ke sa musu ido suka aika rahoto gida cewa yaran sun daina rusunawa manya, ita kuma Amurka ta ƙi karɓarsu a makarantun sojanta. A 1881 aka kira su gida, mafi yawansu ba su gama ba, aka kuma karɓe su da zargi. To, a cikin yaran nan ne aka sami Zhan Tianyou, wanda ya gina layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou ya kammala a 1909 ba tare da injiniyoyin Turawa ba, da Tang Shaoyi, wanda ya zama firaministan farko na Jamhuriyar Sin a 1912. Saboda haka, e, sun zama baƙi na wani lokaci, kuma jami'an ba ƙarya suka yi ba game da rusunawar. A ba wa baiwar Allah da ke can baya makirfo, tun ɗazu hannunta yake sama.