Asibitin Noma na Sakkwato, inda ake sake gina fuskar yara

Idan aka ce maka akwai Asibitin Noma a Sakkwato, kada hankalinka ya tafi gona. Wannan noma ba ta fartanya ba ce. Sunan wata cuta ne da aka aro daga Girkanci, ma'anarsa cinyewa, kuma abin da take yi ke nan: tana cin fuskar yaro.

Daga dasashi take farawa. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ga tamowa, wataƙila bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Dasashi ya kumbura, da an taɓa sai jini, baki ya soma wari. Uwa ta ce zafi ne ya fito masa. Kwana kaɗan kunci ya haye, baƙin tabo ya bayyana, naman wurin ya mutu ya zube, har kana hango haƙora ta waje. Duk wannan cikin abin da bai wuce mako biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa tashi.

A wasu ƙauyuka ciwon iska ake ce mata, shi ya sa akan fara bi ta wurin mai magani, kwanaki suna ta tafiya. Alhali ƙwayoyin cuta ne na cikin baki suka samu jiki ba ƙarfi, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

A shekarar 1999 aka buɗe wannan asibiti, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da hukumomin lafiya a cikinsa. Magani kyauta ne. Yaron da aka kawo da wuri, aikinsa da sauƙi: maganin kashe ƙwayoyin cuta, wankin baki da na ciwo, ƙarin ruwa, sai madara da abincin masu tamowa. Abin takaici, da yawa ba sa isowa a wannan gaɓar.

Wanda ya rayu da tabo, shi ne mai doguwar tafiya. Ba a yi masa tiyata nan take. Sai ciwon ya warke sarai, jiki ya murmure, wani lokaci bayan watanni masu yawa. Sannan ƙwararrun likitocin gyaran fuska, na gida da na waje, su haɗu a wasu lokuta na shekara. Sukan yanko fata daga goshi ko ƙirjin yaron su rufe ramin kunci, su ƙera leɓe ko hanci. Wani sai an shiga da shi ɗakin tiyata sau biyu, sau uku, ko fiye.

Najeriya ce ta jagoranci kai koken wannan cuta gaban Hukumar Lafiya ta Duniya, har a watan Disambar 2023 aka sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A Damagaram ma, ƙungiyar agaji ta Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara.

Akwai kuma wahalar da hoto ba ya nunawa. Tabon yakan ɗaure muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa, yaro ya shekara yana tura abinci ta ɗan saƙon haƙori. Bayan likita ya saki muƙamuƙin, in aka yi sake sai ya koma yadda yake. Don haka masu gashin ƙashi kan jera 'yan siraran katako, irin wanda ake danne harshe da shi, tsakanin haƙoran yaron. Yau biyar, in an kwana biyu a ƙara ɗaya. Uwa na zaune a gefe tana koyo, domin in an sallame su, ita za ta ci gaba da yi masa a gida.