Jawabin Maraba Ga Mai Girma Gwamnan Lardin Tafki, Daga Al'ummar Hausawan Baga Sola

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Mai girma Gwamna, a madadin Sarkin Hausawa, limamai, 'yan kasuwa da masunta, muna yi maka barka da zuwa. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun ɓata maka lokaci da kirari ba. Kukanmu ɗaya ne: antenar sadarwar garin nan ta samu wutar da ba ta yankewa.

Baga Sola ba ta ɓuya. Tun kakanninmu, kanwa da bandar kifi daga nan suke hawa kwalekwale zuwa Baga ta Najeriya. A 2015, da 'yan'uwanmu suka tsero daga can, mu muka tarbe su tun kafin sansanin 'yan gudun hijira na Dar es Salam da ke kusa da mu ya tsaya da ƙafarsa, kuma a shekarar aka tayar da bam a kasuwarmu. Ba mu watse ba. Amma yau, duk ranar da motar gazuwal ta makara, injin antena ya yi shiru, rezo ya ɗauke. Mai kifi ya kasa jin farashin Njamena, ya sayar a yadda dillali ya yanka masa. Ɗalibi ya hau tudun yashi, waya a sama, kamar mai roƙon ruwa.

Ga shi kuwa maganin na kwance a bakin ƙofarmu. Ranka ya daɗe, ka san dihe, koriyar gansakukar da ke tasowa a tabkunan kanwa. Matan Kanembu kan kwashe ta da sassafe, su zuba a ramin yashi ya tsotse ruwan, rana ta busar, a ɓantara a kai kasuwa don miya. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Yau Turawa na sayen ta a kwalba da sunan sifirulina, ba mai tuna inda aka gano ta.

A 2022 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun sa gansakuka a wani ɗan akwati mai girman batirin rediyo, ta riƙa ba wa ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta wuta har tsawon watanni. Mu 'yan kasuwa ne, mun san wannan ba zai ɗauki antena ba. Abin da zai ɗauka shi ne a noma gansakuka a kududdufai, a haɗa da kashin shanu a rufaffen rami, ta ruɓe ta ba da iskar gas. Wutar hasken rana ta yi aikin yini, gas ya juya inji da dare. Sai dai a yi wa injin gonarsa daban, kada a taɓa abincin iyayenmu mata.

Don haka muke roƙo a fara gwajin a nan. Fili mun bayar, matasa kuma suna nan, koyarwa kawai suke jira. Hanyar Bol, babban birnin lardinmu, ita ma tana son gyara, amma wannan mun bar shi sai wata ziyara.

Ga tsarabar dihe a kai wa Hajiya. Ranka ya daɗe, a duba mana antenar nan kafin damina ta rufe hanya. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya.