Sharhi: Kafin a Kai Wa Sandar Ɗaga Allon Tarakta Walda

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan ƙananan taraktocin lambu ne, da allon ƙarfen da ake maƙala musu a gaba don tura ƙasa, tsakuwa ko ƙanƙara, kamar ƙaramar katafila.

Kamfanoni irin su John Deere da Cub Cadet, da Wheel Horse a zamaninsa, sun daɗe suna ƙera irin waɗannan taraktoci, kowanne da nasa tsarin maƙala allo. Shi ya sa wanda ya sayi allon wani kamfani ya ɗora wa taraktar wani yakan tarar sandar ɗagawa ba ta kai ba, ko allon ya ƙi tashi yadda ya kamata. Nan da nan sai a ɗauko abin huda ƙarfe da na'urar walda.

Lissafin farko ba ya yi wa kowa alfarma. Sandar tana tasowa ne daga wani ɗan hannun ƙarfe da ke juyawa idan an ja liba. A ce ramin fil ɗin da ke haɗa sandar da hannun yana nisan santimita 10 daga inda hannun yake juyawa, sai ka huda sabo a santimita 15. Tafiyar sandar za ta ƙaru da rabi, allo zai ƙara tashi, amma kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ɗagawa ya tafi. Mai tarakta mai haidurolik, wadda matsin mai ke ɗaga mata allo, ba lallai ya ji a jikinsa ba. Mai jan liba da hannu kuwa, kafaɗarsa ce za ta biya, sai dai in ya ƙara sifirin mai taya shi ɗagawa.

Amma inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen kashe wasan da ke jikin haɗin. A kan tarar da sarƙa, ko wani dogon rami da fil ke zamewa a cikinsa, mutum ya ɗauka sakaci ne na maƙera. Da gangan aka bar shi. Wannan wasan ne ke ba allo damar bin tudu da kwari da nauyin kansa. Idan aka maye gurbinsa da sanda ƙyam, an samu damar danna allon ƙasa don kankare wuri mai tauri, kuma wannan riba ce ta gaske. Sai dai da an danna fiye da kima, tayoyin gaba su saki ƙasa, direba yana murɗa sitiyari tarakta tana tafiya inda ta ga dama. Ga shi kuma siririn rodi ya iya ja, bai iya turi ba. In ya yi tsawo, lanƙwashewa yake yi. A ganina, mafita ita ce a bar dogon ramin, a huda wani ramin na fil ɗin kullewa wanda za a sa ranar kankare wuri mai tauri, a zare sauran ranaku.

Haka batun sifirin ɗin da ke barin allo ya kife gaba idan ya ci karo da dutse ko kututture. Wasu kan walde shi don wai yana ɓata musu aiki, wasu kuma su sa kusa mai taurin gaske a inda aka bar mai laushi. To, dukan bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. Maimakon kusa ta karye, sai shasi ya tsage ko akwatin giya ya ji jiki: garin neman ƙiba an samo rama. Ku duba tsofaffin Wheel Horse, firam ɗin allonsu har gindin aksul na baya yake kaiwa, don turin ya sauka inda ƙarfin yake. Aikin sandar ɗagawa ɗagawa ne kawai.

Bayan gyara, a ajiye tarakta a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe inji, a karkata allon dama da hagu. In kusurwa ɗaya ta riga ɗaya taɓa ƙasa, firam ɗin bai kwanta daidai ba. Sannan a ɗaga allon har ƙarshe, a murɗa sitiyari iyaka ta kowane ɓangare, a leƙa ko sabuwar sandar tana gogar taya, bel ko salansa.